Madubin likita a gida: wanne ne zai nuna jini da gaske, kuma me ba zai iya gaya maka ba

Duk wanda ya yi niyyar sayen madubin likita domin ya riƙa duba jini a gida, ko ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ne, ko uba ne mai son 'ya'yansa su ga da idonsu abin da ake karanta musu a darasin bayoloji, zai tarar da kaya iri-iri a gabansa waɗanda duk suna ɗaya ake kiransu da shi, alhali aikinsu ya sha bamban ƙwarai. Akwai na roba da ake sayarwa tare da kayan wasan yara, akwai wanda ake jonawa da waya ko kwamfuta, akwai na takarda da ake naɗewa, akwai na ɗalibai mai ido ɗaya, sannan akwai babban mai ido biyu irin wanda ake gani a ɗakunan gwaji na asibitoci. Mai shago a Kaduna, ko mai talla a intanet, abu ɗaya zai fara nuna maka, wato lambar da ke jikin kwali. Zai ce, "Alhaji, wannan har sau dubu biyu yake ƙara girma." Wannan lamba ita ce ta fi yaudarar masu saye, don haka da ita ya kamata a fara.

Ana auna ƙwayoyin jini da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Jar ƙwayar jinin mutum faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne, kuma a cikin ɗigon da bai wuce milimita ɗaya ta kowane ɓangare ba akwai irinta kimanin miliyan 5. Fararen ƙwayoyi sun ɗan fi ta girma amma ba su da yawa, tsakanin 4,000 da 11,000 ne a wannan ɗigo. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ma'aikata ke kira filatilet, ba su wuce maikiromita 2 zuwa 3 ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa, a farkon shigarta jar ƙwaya, wani ɗan zobe ne mai ɗigon ja a gefe, wanda bai fi maikiromita 1 zuwa 2 ba, kuma zaren zoben kansa ya fi haka siranta nesa ba kusa ba. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane madubi ita ce: yaya ƙanƙantar abu biyu masu maƙwabtaka da zai iya raba su, ya nuna su a matsayin biyu? Tun 1873 Ernst Abbe, masanin da ya yi aiki da kamfanin Zeiss a garin Jena na Jamus, ya nuna cewa hasken da ido ke gani yana da iyaka a wannan fanni, kuma iyakar tana wajen maikiromita 0.2 ne komai tsadar gilashin. Abin da ke kusantar da madubi ga wannan iyaka shi ne yawan hasken da gilashin ƙasa, wato wanda ke fuskantar jinin, yake iya tattarawa. Ana rubuta wannan a jikin gilashin kansa. Idan ka ga 40/0.65, lamba ta farko girma ce, ta biyu kuma ƙarfin tattara haske. Idan ka ga 100/1.25 tare da kalmar da ke nuna mai, to wannan shi ne gilashin da ake ɗiga wa mai tsakaninsa da jinin. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce girman da ke da amfani ba ya wuce lamba ta biyu sau dubu, don haka madubin da ya fi kowanne kyau amfaninsa yana ƙarewa ne a wajen sau 1,000 zuwa 1,250. Masu rubuta 2,000 ko 2,500 a kwali, gilashin ido mai lamba 20 ko 25 kawai suka ƙara a cikin akwatin, wato gilashin sama da ake leƙawa ta cikinsa, wanda ake ninka lambarsa da ta gilashin ƙasa a sami jimlar girma. Abin da za ka samu daidai yake da buɗa hoton waya mai dishi-dishi da yatsu biyu: fuskar za ta cika allon, amma ba za ka ƙara gane mai ita ba.

Da wannan ma'auni, na roba ya fita daga lissafi tun farko. Gilasansa na roba ne, ƙafarsa tana rawa da an taɓa teburi, kuma ba shi da maɓallin saita gani a hankali. Yaro zai ga ƙafar ƙuda da shi, amma a jini ba zai ga komai ba sai jan hazo, kuma abin da nake tsoro shi ne ya ɗauka cewa iyakar ilmin ke nan, ya yar da sha'awar gaba ɗaya.

Wanda ake jonawa da waya ko kwamfuta ya fi shiga ran mutane, domin yana da araha kuma hotonsa yana fitowa a allo kowa ya gani. Kayan aiki ne mai kyau a wurinsa. Masu gyaran waya suna amfani da irinsa wajen duba ƙananan layukan da ke jikin allon waya, kuma yana da daɗin duba fata, ƙwari, zaren yadi da ƙwayar hatsi. Matsalarsa a jini guda biyu ce. Fitilunsa suna zagaye da bakinsa ne, suna haska abu daga sama, alhali jini ana duba shi ne da hasken da ya ratso shi daga ƙasa. Sannan lambar 1,000 ko 1,600 da ake rubuta masa lissafin girman allo ne, ba ƙarfin gilashi ba. Idan an yi dabara an haska shi daga ƙasa, za a iya ganin jajayen ƙwayoyi a matsayin ɗige-ɗige masu yawa, amma ba za a bambanta farar ƙwaya da wata ba, balle a ga abin da ke cikin ja.

Na takarda, wanda ake kira Foldscope, ya cancanci a yi masa adalci. Manu Prakash da Jim Cybulski ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka bayyana shi a 2014, da nufin a samar da madubin da kuɗin kayan haɗa shi bai kai dala ɗaya ba. Ƙwallon gilashi guda ne ƙarami a cikin takarda mai ƙwari, yana ƙara girma sau 140, yana kuma raba abubuwan da ke da tazarar maikiromita 2. Da shi ana ganin jajayen ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da gilashi guda irin wannan ne Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi na garin Delft a Holan, ya bayyana siffar ƙwayoyin jini a shekarun 1670. Ga malamin firamare ko na ƙaramar sakandare a ƙauyen da babu ɗakin gwaji, wannan takarda ta fi hoton littafi sau da yawa. Sai dai lissafin da muka yi a sama ya riga ya nuna iyakarta: abin da ke raba maikiromita 2 ba zai nuna zoben da duk girmansa bai wuce haka ba.

Gasar gaskiya tana tsakanin na ɗalibai mai kaiwa sau 400 da na ɗakin gwaji mai kaiwa sau 1,000 da mai. A nan ne ya kamata mai saye ya zauna ya yi tunani.

Na ɗalibai yawanci jikinsa ƙarfe ne, ido ɗaya, da gilasan ƙasa uku masu lamba 4, 10 da 40. Abin da yake nunawa a sau 400 ya isa ya riƙe mutum tsawon dare. Idan aka ɗiga ɗanyen jini a silaid, wato ɗan fallen gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai, aka rufe da siririn gilashi, abin da ya fara ba mutum mamaki shi ne ƙwayoyin ba ja ba ne. Launinsu ruwan ɗorawa ne mai haske-haske, tsakiyarsu ta fi gefe dusashewa domin a loɓe take, suna gangarawa tare da ruwan jinin, wasu suna jeruwa a kan juna gefe da gefe, kuma bayan 'yan mintuna, idan gefen ya fara bushewa, sai wasu su yamutse su fito da ƙayoyi. Idan aka rina jinin, za a ga fararen ƙwayoyi da cibiyarsu mai shuɗi ko shunayya, a bambanta mai cibiya rabe-rabe da mai cibiya dunƙulalliya. Manyan ƙwayoyin cuta ma suna bayyana a wannan mataki. Ƙwayar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu, kuma danginta ke jawo ciwon barci ga mutane, tsawonta ya kai maikiromita 15 zuwa 30, ana ganinta a ɗanyen jini tana wutsil-wutsil tana ture jajayen ƙwayoyi. Wannan aiki ne da Kaduna ta daɗe da sani, domin hedikwatar cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa tana Unguwar Rimi, kuma asalinta cibiyar Afirka ta Yamma ce da aka kafa a 1947. 'Ya'yan tsutsar da ke jawo tundurmi sun fi haka girma ƙwarai, sun kai maikiromita 250 zuwa 300, har a sau 100 ana ganinsu, sai dai da dare suke fitowa cikin jinin yatsa, tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2.

Inda na ɗalibai yake gazawa shi ne ƙarƙashin dandalin da ake ɗora silaid. Da yawansu wani faifai ne kawai mai ramuka ake juyawa don rage haske, babu gilashin tattara haske da ake kira kondensa. Ba tare da kondensa ba, ko an sayo gilashi mai lamba 100 an ɗaura masa daga baya, ba zai yi aikinsa ba, domin ba a ba shi hasken da zai cika shi ba. Haka kuma yawancinsu da yatsa ake tura silaid, kuma a sau 400 ɗan motsin yatsa yana kawar da abin da ake kallo gaba ɗaya. Idan mutum zai tsaya a wannan mataki, ya nemi wanda ke da kondensa mai lamba 1.25 da ɗan marfin da ke tsukewa da buɗewa a ƙarƙashinta, da dandali mai maɓallai biyu na tura silaid gaba da gefe, da maɓallin saita gani a hankali. Waɗannan uku sun fi ido biyu muhimmanci, sun fi kyamara, sun fi duk wani ado.

Na ɗakin gwaji yana zuwa da waɗannan duka, da gilashi na huɗu mai lamba 100. Ana ɗiga man gani a kan busasshen jinin da aka rina, a sauke gilashin har ya taɓa man, domin man yana lanƙwasa haske daidai da yadda gilashi ke yi, sai hasken da iska za ta watsar ya shiga duka. A nan ne kaɗai ake ganin zoben maleriya da ɗigonsa, da ƙananan tsabar da ke cikin fararen ƙwayoyi, da filatilet a sarari. Ido biyu kuwa amfaninsa ga mai daɗewa ne. Wanda zai yi minti goma ba ya buƙatarsa, amma ɗalibin da zai yi awa biyu yana ƙirga zai ji bambancin a goshinsa. Mai rami na uku na kyamara bai zama dole ba, domin wayar hannu da aka daidaita a bakin gilashin ido da ɗan maƙali tana ɗaukar hoto mai kyau.

Daga nan sai tambayar sabo ko na hannu. Sababbin da suka fi yawa a shagunan kayan asibiti ƙirar Sin ne, irin su XSZ-107BN da ake gani a ƙananan ɗakunan gwaji da yawa, sai kuma waɗanda ake yin oda masu suna AmScope ko Swift. Ba su kai Olympus, Zeiss, Nikon ko Leica ba, musamman a gefen fili, wato da'irar da ido ke gani a cikin madubin, inda hoton ke ɗan dusashewa, da kuma ƙarkon maɓallai, amma tsakiyar hotonsu ta isa kowane aikin koyo. Sabon Olympus CX23 ko Zeiss Primo Star kuɗinsa ya ninka nasu sau da dama, kuma ban ga dalilin da mai duba jini don ilmi a gida zai kashe wannan kuɗi ba. Tsohon Olympus ko Nikon na gwanjo yakan fi sabon na Sin kyau idan an dace, amma sai an gwada shi hannu da hannu, kuma kada a saye shi ta hoto. A tafi da silaid ɗin da aka riga aka rina. A cire gilashin ido a ɗaga shi ga haske, a duba ko akwai farin zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, domin wannan fumfuna ce, kuma idan ta daɗe takan ci fuskar gilashin har abada. A duba mai lamba 40 da kyau, domin shi ne ake yawan tsomawa cikin mai bisa kuskure, man ya shige ciki ya bar shi da hazon da ba ya goguwa. A saita gani a saki hannu na minti ɗaya. Idan hoton ya ɓace da kansa, dandalin yana zamewa ƙasa. A duba da ido biyu a tabbata hoto ɗaya ake gani, ba biyu masu hawa kan juna ba. A kuma lura da abin da aka rubuta a jikin gilasan: masu lamba 160 tsari ɗaya ne, masu alamar takwas a kwance tsari ne daban, kuma ba a cakuɗa su a madubi guda. Ni dai a ganina, wanda ba shi da ma'aikacin ɗakin gwaji da zai raka shi, sabon na Sin ya fi masa kwanciyar hankali.

Maganar haske a Kaduna ba ƙarama ba ce. Tsofaffin madubai suna amfani da ƙwan halojin mai bolt 6 da wat 20, wanda ke zafi, yana ƙonewa idan wuta ta yi sama da ƙasa, kuma nemansa yakan zama aiki. Mai fitilar LED ba ya cin wuta, ba ya zafi, haskensa fari ne, wasu ma suna da batir a ciki ko suna aiki da abin cajin waya, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da aiki. Wanda ke da ɗan madubi irin na duba fuska a ƙasa, mai karɓar hasken taga, ba ya buƙatar wuta sam, kuma ya wadatar har sau 400 da rana, amma a sau 1,000 haskensa yakan yi rauni, ya kuma riƙa sauya launi da sauyin gajimare, kuma haramun ne a juya shi ga rana kai tsaye domin zai iya lalata ido. Idan kuɗi ɗaya ne, a ɗauki mai LED da batir. Ajiya ma tana da lokuta biyu masu haɗari. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma wanda ya goge gilashi da gefen riga alhali ƙura na kai, ya karce shi da yashi. A fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sannan a goge da takardar gilashi. Daga Yuli zuwa Satumba kuma laima ce ke kawo fumfuna, don haka kada a ƙulle madubin cikin leda, a ajiye gilasan cikin gwangwani mai marfi tare da ƙullin tsabar nan mai tsotse laima.

Madubi shi kaɗai rabin kayan ne. Jinin da ba a rina ba ba ya nuna abin kirki, kuma rini uku ne ake samu. Na Leishman, wanda aka samar a 1901, ya fi sauƙi ga mai koyo domin a cikin metanol yake, shi ke kafe jinin a gilashi ya kuma rina shi, kuma yana fito da fararen ƙwayoyi da kyau. Na Field kwalba biyu ne, ana tsomawa na 'yan daƙiƙoƙi a kowace, ya dace da jinin da aka shimfiɗa da kauri idan ana sauri. Na Giemsa, wanda Gustav Giemsa ya fitar a 1904, shi ne ma'aunin duniya a aikin maleriya. Ana sirka shi kashi 10 cikin ɗari a bar shi minti 10, ko kashi 3 cikin ɗari a bar shi minti 45 zuwa 60, kuma sirkin na ranar ne, ba a kwana da shi. Abin da ke ɓata wa masu koyo aiki shi ne ruwa. Giemsa yana son ruwa mai ma'aunin tsami 7.2, kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yakan karkace, sai jinin ya fito ja jawur ko shuɗi duka, ƙwayar cutar ta ɓace a ciki. Ana sayar da ƙwayar da ake narkawa a tataccen ruwa don daidaita wannan, kuma ta fi cancantar kuɗi a kan kyamara. Metanol guba ne mai makantarwa ko kashewa idan an sha, ga shi kamar ruwa a ido, don haka wurin ajiyarsa ya zama mai makulli a gidan da ke da yara.

Shimfiɗa jinin ma hannu yake so. Ana huda gefen yatsan da ke kusa da ƙarami, a share ɗigon farko, a ɗauki na biyu. Siririyar shimfiɗa ana jan ta da bakin wani silaid a karkace, da sauri kuma ba tsayawa, har ta ƙare da siririn baki inda ƙwayoyi ke kwance ɗaya-ɗaya. A nan ake dubawa. Mai kauri kuwa ana baza ta ne a da'ira mai faɗin kusan santimita ɗaya, kaurinta daidai yadda za a iya karanta rubutun jarida ta cikinta, kuma ba a taɓa ta da metanol, domin ana son ruwan rinin ya fasa jajayen ƙwayoyin ya bar ƙwayoyin cuta a fili. A shanya su a kwance a rufe da wani abu, domin ƙuda yana lashe jinin cikin ɗan lokaci.

Duk wannan bayani ga mai neman ilmi ne. Amma na san da yawan masu neman madubi a gida wani abu ne daban a ransu: yara suna yawan zazzaɓi, kuɗin gwaji yana taruwa, layin asibiti yana da tsawo, sai mutum ya ce bari ya sayi na'urar ya huta. Ga wannan mutum kwatancen ya sauya, ya koma tsakanin madubin gida, da katin gwajin gaggawa da ake kira RDT, da ɗakin gwaji mai rajista, kuma a nan madubin gida shi ne na ƙarshe.

Gaskiya ne da madubi Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar maleriya a 1880 a garin Kustantina na Aljeriya, kuma har yau duba jini da madubi shi ne ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi. Sai dai ƙarfin hanyar yana idon mai dubawa ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba aƙalla fili 100 na shimfiɗa mai kauri kafin a ce babu komai, kuma ma'aikacin da ya ƙware ya ga dubban silaid a ƙarƙashin wanda ya fi shi, yana gyara masa. Mai koyo yakan faɗa rami biyu. Filatilet da ta kwanta a kan jar ƙwaya, ko ɓarɓashin rini, ko ƙurar da ta sauka kafin jinin ya bushe, duk suna kama da zobe ga sabon ido, sai a ɗura wa yaro maganin maleriya alhali ciwon huhu ne ko sanƙarau ke damunsa. Ramin na biyu ya fi muni. Nau'in falsifarum, wanda shi ne mafi yawa a Najeriya, yana sa ƙwayoyin da ya kama su manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi, don haka jinin yatsa zai iya nuna kaɗan alhali ciwon ya yi nisa. Uban da ya duba bai ga komai ba, ya ce a bari zuwa gobe, ya yi caca da ran ɗansa, domin a ƙaramin yaro wannan cuta tana iya kaiwa ga suma da jijjiga cikin kwana guda. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma yawancin masu mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Katin RDT ba ya buƙatar wuta, rini ko ƙwarewar ido. Ɗigon jini ne da ɗigon ruwan da ke tare da shi, a jira minti 15 zuwa 20 gwargwadon abin da takardarsa ta ce, a karanta layi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya ta madubi ko ta wannan kati kafin a ba da magani, kuma shi ake amfani da shi a ƙananan asibitocin unguwa. Yana da nasa rauni. Yawancin katunan suna neman wani sinadari ne da ƙwayar ke saki, wanda ke daɗewa a jini makonni bayan an warke, don haka bai dace da tabbatar da cewa magani ya yi aiki ba. Ba ya faɗin yawan ƙwayoyin. Zafi yana lalata shi, kuma katin da ya wuni a cikin mota a watan Afrilu ba abin dogaro ba ne. Idan layin tabbatarwa bai fito ba, ko an karanta bayan lokaci ya wuce, sakamakon banza ne. Duk da haka, a hannun wanda ba ma'aikaci ba, kati ya fi madubi faɗin gaskiya nesa ba kusa ba. Idan kuma kati ya ce babu amma zazzaɓin bai sauka ba, ko yaro ya ƙi nono, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko ya fara fita hayyacinsa, to ba sauran gwajin gida, sai asibiti, ko Barau Dikko ne, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko wanda ya fi kusa.

Akwai wani wuri da kuskuren madubin gida zai iya bin iyali har jikoki, wato amosanin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da AS, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Mai SS ana iya ganin ƙwayoyinsa masu siffar lauje a shimfiɗa, kamar yadda likita James Herrick ya bayyana a Shikago a 1910. Amma jinin mai AS a shimfiɗa daidai yake da na mai AA, babu abin da zai nuna. Akwai gwajin da ake haɗa jini da wani sinadari mai janye iska don a tilasta wa ƙwayoyin lanƙwashewa, sai dai shi ma yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin nau'in C, wanda idan ya haɗu da S yake haifar da SC. Takardar da za a kai wa waliyyai kafin ɗaurin aure dole ta fito daga gwajin da ke raba nau'o'in da wutar lantarki ko na'urar da ta fi shi, a ɗakin gwaji mai rajista, kuma idan sakamakon wurare biyu ya saɓa a je na uku. Haka nan madubi ba ya nuna sukari, ba ya nuna rukunin jini, ba a gano taifot da shi, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B, mai faɗin maikiromita 0.04, tana ƙasa da iyakar da Abbe ya faɗa, kamar yadda ta HIV take. Wannan ya isa ya tona asirin masu tallan magungunan ƙari da ke ɗiga jinin mutum su nuna masa a allo, su ce ga dattin jini, ga alamar ciwon hanta, ga ƙwayoyi sun manne saboda guba. Jeruwar ƙwayoyi da yamutsewarsu abu ne da ke faruwa a jinin kowane lafiyayye idan ya daɗe a kan gilashi, kuma wanda ya mallaki madubi a gida zai gane haka a makonsa na farko. Wannan kaɗai riba ce babba.

Ya kamata kuma a san cewa duba jinin maƙwabta a faɗa musu ciwonsu, da kuɗi ko kyauta, aikin da doka ta keɓe ne ga masu lasisi. Dokar 2003 ta ba hukumar kula da kimiyyar ɗakunan gwajin lafiya ta ƙasa ikon rajistar ma'aikata da wuraren. Ga haɗarin jinin kansa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, don haka allurar huda yatsa sau ɗaya ake amfani da ita a jefa cikin gora mai kauri mai marfi, ba a maye ta da reza ko allurar ɗinki, ana sa safar hannu, ana jiƙa silaid da aka gama da shi a ruwan bilic kafin a wanke, kuma ba a yin aikin a inda ake cin abinci.

Ɗalibin da ke karatun gwaje-gwajen lafiya, a Maƙarfi ne ko a Zariya ko a cikin gari, shi ne wanda mai ido biyu da gilashin mai ya fi yi wa amfani, da sharaɗin ya riƙa kai silaid ɗinsa ga malaminsa, ya faɗi abin da ya gani kafin a gaya masa amsa. Uban da ke son yara su koya, mai ido ɗaya da kondensa da LED ya ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi rinin Leishman da kwalin silaid. Kuma ba dole ba ne a riƙa huda yatsun yara. Ranar da aka yanka kaza, a tari ɗigo ɗaya a shimfiɗa nan take kafin ya daskare: jajayen ƙwayoyin tsuntsu masu siffar ƙwai ne, sun fi na mutum girma, kuma kowace tana da cibiya a tsakiya, abin da na mutum ba su da shi. Ranar Layya a yi haka da jinin rago ko akuya, za a ga ƙwayoyi marasa cibiya irin namu amma ƙanana sosai, na akuya ma kusan rabin faɗin na mutum. A yi wannan da dabbar da aka yanka tana da lafiya kawai, da safar hannu, domin jinin wadda ta mutu da kanta ko ta faɗi farat ɗaya yana iya ɗauke da cutar da ke kama mutum.